Rage Tsayin Babur: Dabarunsa da Haɗurransa a Ƙasar Mafara da Bakura da Maradun



1. Gabatarwa

Na san akwai waɗanda da suka ga kan wannan lacca a jikin allon sanarwa suka tambayi kansu: me ya haɗa malamin Hausa da babur? Tambayar tana kan hanya, kuma ya kamata in amsa ta kafin in shiga cikin bayani.

Akwai wani ɗan'uwana, malamin firamare, mutum ne mai natsuwa, amma ba shi da tsawo. Aka tura shi koyarwa wani ƙauye a ƙasar Bakura, ya yi adashi ya sayi babur. Da ya hau, sai ya tarar kan yatsunsa kaɗai ke taɓa ƙasa. Sau biyu yana faɗuwa cikin rairayi a ƙofar makaranta, a gaban yaran da yake koya wa karatu. Kunya ta ishe shi, ya kai babur wurin wani bakanike ranar kasuwa, aka ciro shokozoba na wani ƙaramin babur aka ɗaura masa a baya. Nan take babur ya sauko, tafin ƙafarsa ya zauna daram a ƙasa, ya koma gida yana murna. Bayan mako biyu ya ɗauko maiɗakinsa da buhun shinkafa, suka bi hanyar da ke gefen magudanar ruwa. Suna faɗawa wani rami a bakin kwalbati, sai tayar baya ta daki ƙarƙashin sirdi ta tsaya cik. Shi ya tsira da ƙujewa, ita kuwa ta karye a hannu.

Tun daga ranar nan na fara zama a rumfunan kanikawa, ina tambaya, ina rubutawa, ina gwama abin da suka faɗa mini da abin da injiniyoyi suka rubuta. Abin da na gano shi ne, galibin bayanin da zai kare mai babur daga irin wannan wahala yana kulle cikin Turanci, alhali kuwa masu hawan da masu gyaran da Hausa suke tunani. To, nan aikin malamin Hausa ya shigo. Manufata a yau ita ce in bayyana abin da ke riƙe da babur a tsayinsa, da hanyoyin da ake bi a rage wannan tsayi, da kuma abin da kowace hanya take jawowa.

2. Matsayin babur a wannan yanki

Ita kanta kalmar babur baƙuwa ce. Masana harshe suna danganta ta da wata kalmar Larabci da ake kiran injin tururi da ita, wadda Larabawa su ma suka aro daga harsunan Turai. Mashin kuwa daga Ingilishi ta zo, 'yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar kuma moto suke cewa. Mai haya da babur, a Kano ɗan acaɓa ne, a ƙasashen Sakkwato da Zamfara ɗan kabu-kabu. Abin da ya sami sunaye da yawa haka, lalle ya shiga rayuwar mutane ƙwarai.

A Jamus aka fara haɗa keke da injin fetur, a shekarar 1885, a hannun Gottlieb Daimler da abokin aikinsa Wilhelm Maybach. A ƙasarmu kuwa dattawan ma'aikata suna tuna shekarar 1975, lokacin da aka biya kuɗin Udoji, malaman makaranta da akawuna suka cika tituna da Honda da Suzuki da Yamaha da Vespa. A 1979 kamfanin Honda ya kafa reshensa na haɗa babura a Nijeriya, masana'antar tana Ota ta Jihar Ogun. Daga baya baburan Sin irin su Jincheng suka shigo da araha, sa'an nan Bajaj na Indiya ya mamaye karkara.

Talata Mafara tana kan babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato, amma arzikin yankin yana cikin fadama. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka fara ginawa a kan Gulbin Sakkwato a 1974 aka kammala a 1978, tana kusa da Maradun, kuma an tsara ta shayar da kimanin hekta 23,000 a ƙasashen Maradun da Mafara da Bakura. Mutanen yankin sun biya tsadar wannan aiki da gonakinsu, wasu ma da rayukansu a rikicin diyya na 1980. Abin da ya shafe mu a yau shi ne hanyoyin da aikin ya bari: burji a gefen magudanai, da kwalbatoci, da laka mai santsi da damina, wadda kan bushe da rani ta bar sawun tayoyi kamar kunya a gona, ga kuma rairayi a kan tudu. Malamin gona, da malamar asibiti mai zagayen rigakafi, da malamin makaranta, da manomin da zai fid da shinkafarsa zuwa kasuwar Talata, duk a kan babur suke bin waɗannan hanyoyi. Matsalar tsaro da ta sa gwamnatin jiha ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare a 2021 ta ƙara nuna wa kowa yadda rayuwa take tsayawa idan babur ya tsaya.

Baburan da aka fi hawa a nan, tsayin sirdinsu daga ƙasa yakan kai kimanin santimita 80, nauyinsu kuma ya haura kilo 100. Mutumin da ƙafarsa ba ta kai wannan tsawo ba, ga kaya a baya, ga ƙasa marar daidaito, ba shi da laifi idan ya nemi a rage masa. Buƙatarsa gaskiya ce. Tambayar ita ce ta wace hanya.

3. Abin da ke riƙe da babur a tsayinsa

Idan muka dubi babur da kyau, za mu ga gangar jikinsa, watau inji da tanki da sirdi, ba a manne take da tayoyi kai tsaye ba. A rataye take a kan sifirin. A gaba akwai bututu biyu dogaye da suka riƙe taya, kowanne yana shiga cikin kubensa yana fita, a ciki kuma akwai sifirin da mai. Kamfanin BMW na Jamus ne ya yaɗa irin wannan ƙira tun 1935. A baya kuwa akwai wani ƙarfe mai reshe biyu da ke riƙe da taya, gindinsa yana maƙale a bayan inji, yana lilo sama da ƙasa. Zan kira shi hannun lilo. Tsakaninsa da gangar jiki akwai shokozoba biyu, ɗaya dama ɗaya hagu.

Kowane shokozoba aiki biyu yake yi. Na farko aikin sifirin ne, watau ɗaukar nauyi. Wani masani Bature mai suna Robert Hooke ya bayyana ƙa'idarsa a 1678: gwargwadon nauyin da aka ɗora wa sifirin, gwargwadon yadda zai lotsa. In kilo 20 ya lotsa shi santimita 1, kilo 40 zai lotsa shi santimita 2. Aiki na biyu na mai ne. Sifirin shi kaɗai, in an danna shi aka saki, zai yi ta tsalle kamar ƙwallo. Don haka aka sa wani bututu a tsakiyarsa cike da mai, man yana matsewa ta cikin 'yan ƙananan huduji, yana kashe tsallen.

Iyakar tazarar da taya za ta iya tafiya daga ƙasa zuwa sama, kafin ƙarfe ya daki ƙarfe, zan kira ta zango. A irin baburanmu zangon gaba kimanin santimita 12 ne, na baya kuwa bai cika wuce 10 ba. Abin lura a nan shi ne, da zarar mahayi ya zauna, babur yakan cinye wani kashi na wannan zango. Injiniyoyi suna son abin da za a cinye ya tsaya tsakanin rubu'i da sulusi. Ragowar ita ce ajiyar da ake tarar rami da ita. Ashe ke nan duk ajiyar da ke tsakanin mahayi da dukan ƙarfe ba ta wuce faɗin tafin hannu ba.

Akwai abu na uku da ido ba ya saurin gani. Bututun gaba ba a tsaye suke sak ba, a karkace suke, ƙasansu ya yi gaba, da kimanin digiri 25 zuwa 27. Saboda yadda aka tsara wannan karkata, in aka ja layi daga wuyan babur har ƙasa, zai sauka a gaban inda taya take taɓa ƙasa, da kamar santimita 8 zuwa 10. Watau tayar tana bin bayan layin da take juyawa a kansa, kamar yadda akuya ke bin bayan mai janta da igiya. Wannan 'yar tazara ita ke sa kan babur ya miƙe da kansa idan ana gudu, ita ce kuma ta sa yaro ke iya sakin kan keke yana tafiya. Duk wanda ya taɓa tsayin gaba ko na baya, ya taɓa wannan tazara, ko ya sani ko bai sani ba. Lissafin mai sauƙi ne. Tsakanin tayar gaba da ta baya akwai wajen santimita 128. In aka sauko da gefe ɗaya da santimita 2 da 'yan kai, karkatar ta sauya da digiri 1.

4. Hanyoyin rage tsayi

Zan jero su daga mafi sauƙin haɗari zuwa mafi muni.

Hanya ta farko ita ce rage soson sirdi. Mai ɗinkin kujerun mota zai kware fatar, ya fere soson da santimita 2 ko 3, ya mayar. Wannan ba ta taɓa sifirin ko kaɗan. Daɗin daɗawa, faɗin sirdi yana cin tsawon ƙafa kamar yadda tsayinsa yake ci, domin sirdi mai faɗi yana buɗe cinyoyi. In aka fere gefunan gaba, inda cinya take sauka, sau da yawa ƙafa takan kai ƙasa ba tare da an rage komai a sama ba. Aibinta kawai shi ne, in aka zarce, mahayi zai zauna a kan ƙarfe, doguwar tafiya ta zama azaba.

Hanya ta biyu ita ce sassauta matsin sifirin na baya. A gindin galibin shokozoba akwai wani zobe mai matakai, yawanci biyar. Juya shi zuwa mataki na ƙasa yana sa babur ya ƙara lotsawa idan an zauna, da santimita 1 ko fiye kaɗan. Ba a sayen komai, kuma ana iya mayarwa. Sai dai a tuna, abin da aka samu daga cikin ajiyar zango aka ciro shi. Ta dace da mutum marar nauyi mai tafiya shi kaɗai. Ranar da zai ɗauki kaya ko goyo, wajibi ne ya mayar da zoben sama, kuma dama da hagu su kasance a mataki ɗaya.

Hanya ta uku ita ce sauya shokozoba da gajeru. A nan ne ɗan'uwana ya faɗa. Shokozoba yana da tsawo biyu: tsawonsa idan ya miƙe, da tsawonsa idan ya matse iyakar matsewa. Mai saye na farkon kaɗai yake aunawa, alhali na biyun shi ke hana taya dukan ƙarƙashin sirdi. Gajeren shokozoba da aka ƙera musamman domin wannan aiki, an rage masa tsawon miƙewa, an bar tsawon matsewa yadda yake, an kuma ƙara wa sifirinsa ƙarfi don ya rama zangon da ya rasa. Wanda aka ciro daga ƙaramin babur kuwa gajere ne ta kowane ɓangare, ga shi da taushi, domin ba a yi shi don buhun shinkafa ba. Har ila yau a sani, mahayi yana zaune tsakanin tayoyi biyu ne, saboda haka in an sauko da baya da santimita 3, abin da zai samu a sirdi bai fi 2 ba.

Hanya ta huɗu ta shafi gaba. A wasu babura, ana iya sassauta ƙusoshin da suka damƙe bututun nan biyu, a tura su sama kaɗan, gaba ya sauko. A wasu kuwa, musamman ƙananan baburan haya, an ɗaure kan bututun a jikin farantin sama, ba su da hanyar zamewa. Inda abin zai yiwu, kada a wuce santimita 1 zuwa 2, kuma a auna bututun biyu su yi daidai wa daida. Gwanayen kanikawa suna da wata dabara, watau su buɗe bututun su sa wani ɗan guntun ƙarfe a ciki wanda zai hana shi miƙewa duka. Wannan ta fi aminci, domin taya ba za ta haura inda masu ƙira suka yanka mata ba, amma tana rage zango, kuma aiki ne na wanda ya ƙware.

Manyan babura masu shokozoba ɗaya a tsakiya suna da tasu hanya, ta sauya wasu 'yan ƙarafa da suka haɗa shokozoban da hannun lilo. Irinsu ba su da yawa a karkararmu, don haka ba zan tsaya a kansu ba.

Saura hanyoyi uku da nake roƙon kowa ya guje su. Ta ɗaya, yanke sifirin. Mutane suna zaton in an rage shi zai yi taushi, alhali akasin haka ne. Kowane zagaye na sifirin yana ɗaukar rabonsa na lotsawa. In mai zagaye 10 ne aka yanke 2, ƙarfinsa ya ƙaru da rubu'i, ga shi bakin da aka yanke ba zai ƙara zama daidai a mazauninsa ba, kuma idan taya ta faɗa rami shokozoba ya miƙe, sifirin zai saki ya yi ta kaɗawa. Ta biyu, gasa sifirin da wutar walda har ya lotsa. Duk maƙeri ya san wuta tana kashe ƙarfen da aka shayar. Sifirin da aka gasa zai ci gaba da lotsawa, wata rana ya karye, kuma ba zai yi sallama ba. Ta uku, yanke kunnen da shokozoba yake maƙale a ciki a sake walda shi a wani wuri. Wannan kunne yana ɗauke da babban kaso na nauyin babur da mahayi da kaya, yana shan duka sau dubbai a tafiya ɗaya. Masu iya magana sun ce garin gyaran gira akan rasa ido. Haka nan masu rage iskar taya don babur ya sauko, su sani taya za ta yi zafi, ta ci gefe, ramin farko kuma ya lanƙwasa musu ƙarfen da take zaune a kai.

5. Abin da ragewa take jawowa

Ko da ta hanya mai kyau aka bi, rage tsayi ciniki ne, ana ba da wani abu a karɓi wani. Amfanin a fili yake: ƙafa ta kai ƙasa, zuciya ta kwanta, nauyi ya ɗan sauko, turawa da juyawa a wuri mai ƙunci su yi sauƙi. Ga kuma abin da ake bayarwa.

Na farko, tazarar da ke tsakanin cikin inji da ƙasa. A baburanmu takan kama daga santimita 15 zuwa 19 kafin a hau. A kan kwaltar Gusau rage santimita 3 ba kome ba ne. A kan hanyar fadama da rani, inda tarakta ta bar tudu a tsakiya, santimita 3 ita ce tsakanin wucewa lafiya da fasa gindin inji, baƙin mai ya tsiyaye a daji.

Na biyu, tuƙi. In baya kaɗai aka sauke, gaba ya ƙara karkata, kan babur ya yi nauyi wajen juyawa, yana son ya zarce a kwana, fitila kuma ta ɗaga tana haska idon masu zuwa maimakon ramin da ke gaba. In gaba kaɗai aka sauke, tazarar nan da ke miƙar da taya ta ragu, kai ya yi sauƙi ƙwarai, amma da an taka gargada cikin gudu yana iya kama rawa. Saboda haka ƙa'ida ita ce a sauke gaba da baya gwargwado ɗaya.

Na uku, kwana. Babur sai ya kwanta yake shan kwana. Wanda aka sauke, matakin ƙafa ko salansa ko ƙarfen kafewa zai riga taɓa ƙasa, in kuwa ƙarfe ya tokari ƙasa, yakan ɗage taya.

Na huɗu, ƙananan abubuwan da akan manta. Ƙarfen jingina na gefe zai yi tsawo, babur ya tsaya kusan a miƙe, iska kaɗan ta kayar da shi ta dama, don haka sai an rage shi. Ƙarfen kafewa na tsakiya zai yi wuyar ɗagawa. Sarƙa kuma, tana kai iyakar ɗaurewarta ne lokacin da faifan haƙora na gaba da gindin hannun lilo da tsakiyar tayar baya suka yi layi ɗaya. Tun da hannun lilo ya sauya mazauni, sai a sake auna sakinta, wanda bisa al'ada santimita 2 zuwa 3 ne, kuma a duba ta da mutum a zaune a kai. Haka sandar birkin baya, a sake daidaita ta, don kada birki ya kama da kansa idan babur ya lotsa.

Na biyar, kuma mafi girma a wannan yanki, shi ne kaya. Buhun taki kilo 50 ne, babban buhun hatsi yakan kai 100. Babur da aka ɗora wa wannan a bayan sirdi ya riga ya sauko da kansa, ya cinye mafi yawan zangonsa, gabansa kuma ya yi sakayau. Shi ya sa za ku ga masu jigilar shinkafa suna yin akasin abin da muke magana a kai, suna ƙara wa baya ƙarfi. Babur ɗaya ba zai zama gajere kuma jakin kaya a lokaci guda ba. Dole mai shi ya zaɓa.

6. Shawarwari

Kafin a taɓa kome, a tambayi kai ko lalle ana bukatar ragewar. Mahayin doki ƙafarsa a likkafa take, ba ta neman ƙasa, domin doki yana da ƙafa huɗu. Babur yana da biyu, kuma kowace mace ta san tukunya a kan duwatsu uku take zama. Ƙafa ɗaya ta mahayi ita ce dutse na uku. In ya zame kaɗan zuwa hagu ya dasa tafin ƙafar hagu sosai, ta dama tana kan birki, ya tsaya da ƙarfi fiye da mai lilo da yatsun ƙafa biyu. Rufaffen takalmi mai kauri ma yana ƙara santimita 2, ga kare yatsu.

Wanda bai riga ya saya ba, ya auna tsawon ƙafarsa ta ciki, ya hau kafin ya biya. Akwai ƙananan babura masu buɗaɗɗen tsakiya, irin waɗanda ake kira roba-roba, da suka gaji ƙirar Super Cub da Honda ya fito da ita a 1958, wadda zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100. Sirdinsu ya fi sauka, ba su da nauyi, mai zane da mai babbar riga duk suna hawa ba tare da ɗaga ƙafa ba. Ga malamar asibiti ko akawun ƙaramar hukuma, sau da yawa wannan ya fi gyaran babban babur.

In ragewa ta zama tilas, a fara da sirdi, sa'an nan zoben matsi, sa'an nan shokozoban da aka yi don wannan irin babur, tare da sauke gaba daidai da baya. A ganina, a hanyoyin Mafara da Bakura da Maradun, kada abin da za a rage a sifirin ya wuce inci ɗaya, watau santimita 2 da rabi. A auna tsayi kafin aiki da bayan aiki, a rubuta, a kuma adana tsofaffin kayan.

Akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. A samo dunƙulen laka mai kaurin yatsa biyu, a manna a ƙarƙashin marufin tayar baya, daidai saman taya. A ɗora irin kayan da aka saba ɗauka, mutum biyu su danna bayan babur iyakar ƙarfinsu, sa'an nan a yi 'yar tafiya a hankali a kan gargada. In taya ta shafi lakar, to, ba a gama aiki ba. A yi haka a gaba, tsakanin marufin taya da wuyan babur. Da ɗan'uwana ya san wannan, da hannun maiɗakinsa bai karye ba. Hular kwano kuwa, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sawa a farkon 2009, babu tsayin babur da ke ɗauke wa mutum bukatarta.

7. Kammalawa

Jama'a, wanda ya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 zai tarar da sunayen launukan dawaki da na kayan hawa birjik: linzami, da ragama, da majayi, da likkafa, da sauransu. Kakanninmu sun san abin hawansu gaɓa-gaɓa, sun raɗa wa kowane sashe suna, shi ya sa uba yake iya koya wa ɗansa yadda ake ɗaure sirdi ba tare da ya ji wa doki ciwo ba. Mu kuwa mun fi shekara hamsin a kan babur, amma har yanzu bakanike da mai babur da nuni suke fahimtar juna. Kalmomin da na kawo a yau, irin su zango da hannun lilo, shawara ce kawai. In kanikawa suna da waɗanda suka fi su, nasu za mu ɗauka.

Ina kira ga ɗalibanmu masu neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, su shiga rumfunan kanikawa na Mafara da Bakura da Maradun da littafi da alƙalami, su tattaro kalmomin wannan sana'a. Ina kuma kira ga injiniyoyin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara su zauna da mu, su duba abin da aka tattaro, mu fitar da ɗan littafi da Hausa, mai zane-zane, wanda yaron bakanike zai iya karantawa. Ma'aikatan da ke da hannu wajen sayo wa ma'aikatan karkara babura kuma, ina roƙonsu su riƙa tambayar wa zai hau, a wace hanya, da wane kaya, kafin su sa hannu a takarda.